Shi Ya Gyara

Tun da muka dawo daga Ankara ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ankara ta Gana nake nufi, kada wani ya ce na je Turkiyya ban kawo masa tsaraba ba. Duk wanda ya gan ni a bakin gareji sai ya jawo benci: ya hanya, ya mutanen can, da gaske ne suna jin Hausa? Na ba da labarin teku har bakina ya gaji, na ba da na abinci. Amma akwai guda ɗaya da nake tsallakewa kullum, kuma shi ne ainihin tafiyar. Yau na rubuta shi, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, gyaran esin mota, wato na'urar sanyi, ne sana'ata, shekara ashirin da shida ke nan. Yayana Ilu yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda ya fi kula da ita a kan hawan jininsa. Tun ranar da ya saye ta babu hannun da ya taɓa esinta sai nawa, kuma da wannan nake taƙama, domin Yaya Ilu bai iya yabo ba. In ka yi masa aiki ya yi kyau, sai ya ce "to". In bai yi ba, sai ya kalle ka. Tun muna yara nake jiran ranar da zai ce "Sabi'u, ka iya", har furfura ta fito mini ban ji ba. Makullin da yake miƙo mini duk lokacin da zafi ya gabato, shi kaɗai ne shaidata.

Dalilin tafiyar biki ne. Kakanmu ya je fataucin goro ya yi aure a can, aka haifi Kawu Alasan a unguwar Nima, uba ɗaya da mahaifiyarmu. Autansa ne zai yi aure. Yaya ya ce ba jirgi ba bas, da motarsa za mu, saboda gero da daddawa da kuka da kilishin da matan gida suka tara. Na yi kwana biyu ina duba esin, na wanke, na cika gas, sannan na cika baki. Na ce, "Yaya, ka ɗauki rigar sanyi, don ba zan rage maka ba."

Mun bar Kano bayan sallar asuba. Har muka wuce Abuja sanyi ne mai ratsa ƙashi, ina ta satar kallon Yaya ko zai ce wani abu. Muna gangarawa Lakwaja rana ta take, sai na ji iskar ta fara laushi. Kafin mu kai gada ta koma irin wadda ke fitowa daga bakin tanda. Yaya ya kara tafin hannu a wurin iskar, ya kalle ni, ya sauke gilashi.

Bari in yi wa wanda ba ma'aikaci ba bayani. Kwamfireso shi ne zuciyar esi, a gabansa kuma akwai wani faifan ƙarfe da muke kira kuloci. In ka kunna esi, maganaɗisu ya jawo faifan ya manne, ka ji ƙwas, sanyi ya fara. In bai manne ba, fanka ce kawai take hura maka zafin Allah.

A Lakwaja muka yi salla, muka ci soyayyen kifi, sannan na buɗe bonet na ɗaura geji. Gas a cike. Na ce Yaya ya tayar, sai ƙwas, sanyi ya dawo kamar ba shi ya gudu ba. Na goge hannu na ce datti ne a soket. Bayan awa ɗaya ya sake ɗaukewa.

Mun kwana a unguwar Sabo ta Ibadan wurin wani abokin Yaya mai sayar da albasa, wanda ya ba mu ɗaki mai ƙamshin sana'arsa. Da safe na musanya rilen esi da na hon, don in ga ko shi ne mai laifi. A cunkoson Legas esi ya mutu, hon kuwa lafiya lau, Yaya ya tabbatar da haka sau ɗari. A iyakar Seme muka daɗe ana duba takardun mota da katin rigakafi. Kwatano ta ƙasar Benin garin babura ne, 'yan acaɓarsu duk da riguna rawaya, ba a jin Turanci balle Hausarmu, sai in ka dace. Na roƙi wata mai biredi ruwan da zan wanke ragar gaban mota, ina nuni da hannu, ta kawo mini a kofin sha har da murfi. Na sha, na yi godiya, na nemi bokiti a wani wuri. Togo kuwa ba ta da faɗi ta wannan gefen, kuma agogonsu yana bayan namu da awa guda. Yaya ya yi alwala ya tsaya yana faɗan ladanan Lome sun yi barci, har wani Bazabarme mai sayar da agogo ya gyara masa nasa.

A Lome ɗin na haɗa wayoyin makunnin da ke kashe esi in gas ya yi yawa ko kaɗan. Ya yi sanyi, ya mutu. A Aflao, iyakar shiga Gana, bayan doguwar jira, wani jami'i ya leƙo da kansa ciki don duba kaya daidai lokacin da muka tayar, ya ce wannan tsohuwar mota ta fi ofishinsu sanyi. Na gyara zama. Ba mu yi nisa ba iska ta koma ta tanda.

"Sabi'u," in ji Yaya, idonsa a kan titi, "rigar sanyin da ka ce in ɗauko tana baya, ko za ka ara?"

Can na ce kwamfireson ne ya gaji, sai sabo. Ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba.

Mun shiga Nima da la'asar, rigunanmu sun manne da baya. Abin da ya fara kama ni shi ne Hausa ta ko'ina: mai kayan miya, mai ɗinki, masu kiran fasinja a motocin haya da suke kira torotoro. Hausa ce, amma ta sha ruwan wani gari. Mutum zai fara da ita, ya ratsa ta yaren Tuwi, ya biya ta Turanci, ya dawo ya ƙarasa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Na ji haushin kaina, ni da na tsufa da harshe ɗaya da rabi.

Kawu Alasan ya tarbe mu a bakin lungu, domin mota ba ta shiga. Dattijo ne siriri, goro ba ya barin bakinsa. Ya rungume mu, ya ja da baya ya dubi rigunanmu.

"Kai, kun jike paa! Mota ba shi da sanyi?"

Yaya ya ce yana zuwa yana tafiya. Kawu ya juyo gare ni ya ce, "To, kana son fita."

Na ce, "Haba Kawu, ai yanzu muka shigo."

Aka fashe da dariya har da masu wucewa. Ashe a can fita shi ne makanike. Yaya ya ce ai ga fita nan mun taho da shi tun daga Kano, aka sake wata dariyar, ni ma na buɗe haƙora don dole. Kawu ya ce mu shiga, "matana ya dafa abinci tun da rana, yana jiranku." Ni da Yaya muka haɗa ido. A Hausarsu babu ruwansu da ta ko ita, namiji da mace duk shi ne. Muka yi ta tsokanar juna da wannan a ɗaki, ban san tarko ne aka haƙa mini ba.

Gidan Kawu tsakar gida ɗaya ce da ɗakuna a kewaye, kowane ɗaki da iyalinsa, kuma ba dangi ba ne. Akwai Badagombe, akwai Bayarabe, akwai wata Kirista mai sayar da kifi da ta fi kowa zirga-zirgar bikin. Da safe sai ka ajiye bokitinka a layin wanka ya riƙe maka wuri. Kokonsu ya sha citta da barkono har yana sa gumi, kuma da sunanmu suke sayar da shi, wai kokon Hausa. Shinkafa da wake kuwa sun ɗauke ta sun kai ta makaranta: ga taliya, ga garin rogo, ga ƙwai, ga wani baƙin yaji, duk a cikin ganye. Na so in sami abin kushewa ban samu ba.

Sai dai duk inda na zauna, magana ɗaya ce. Labarin motar ya riga ya zaga. Mai koko ta ce, "Kai shi unguwan Mamobi wurin Masta Kankara." A masallaci wani tela ya ce, "Masta Kankara kunne kawai yake sawa, ya gaya maka ciwo." Wani direba ya ce motarsa ta gagari mutum uku, Masta ya gyara kafin shayinsa ya huce. Tun ban ga mutumin ba na tsane shi. Na zana shi a raina, ƙato mai tumbi da zoben azurfa, yana taunar asuwaki yana raina baƙi. Kishi ne, ba wani abu ba, irin wanda ke hana abinci sauka.

Kwana biyu ina sammakon zuwa wurin motar. Duk lokacin da na tayar, ƙwas, sanyi. A rana ta uku Yaya ya shirya zai bi wasu dattawa unguwar Malam gaishe-gaishe. Ya zaro makulli daga aljihu, na miƙa hannu kamar yadda na saba, sai ya wuce ni ya sa shi a tafin Kawu.

"Kawu, a kai ta wurin fitan nan naku. Ba zan koma Kano a dafe ba."

Shekara goma sha tara, ban taɓa ganin makullin nan a hannun wani ba saboda esi. Na mayar da hannuna aljihu. Da Yaya ya mare ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Na ce ni zan tuƙa Kawu, wai don ban yarda da tuƙin Ankara ba, alhali so nake in ga ƙaton nan ya kasa.

Wurin wata rumfar kwano ce a gindin mangwaro, ga tukwanen gas a jere, kayan aiki kowanne a ƙusarsa. Wata mata ce zaune a benci tana cin gasasshiyar ayaba, ba za ta wuce shekara arba'in ba, da shuɗiyar rigar aiki a kan doguwar riga, ta cusa hijabinta a wuya. Na yi sallama.

"Malama, Masta yana nan?"

"Yana nan."

"Ina yake?"

"Ga ni."

Kawu yana gefe yana taunar goro, bai ga abin mamaki ba. Sunanta Azara, iyayenta mutanen arewacin Gana ne. Ƙaton da na kwana biyu ina faɗa da shi a zuci ya ɓace, aka bar ni da abin da ya fi shi wuyar haɗiya.

Na fara zuba: shekaruna a sana'a, gas, rile, raga, makunni. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

"Masta, yaushe yake mutuwa?" in ji ta.

"In rana ta yi zafi, ko a cunkoso."

"Kai kuma yaushe kake duba shi?"

"In mun tsaya mun yi salla, mun ci abinci."

Ta gyaɗa kai. "Kana tambayan shi bayan ya huta. In ya huta karya yake yi. Mu je mu gajiyar da shi."

Ko bonet ba ta buɗe ba. Ta ɗauki fitilar gwaji ta shiga baya, ta ce in bi babban titin Nima, inda ya fi cushewa. Muka yi ta jan ciki tsakanin torotoro da masu tallan ruwa har unguwar Niyu Tawun, muka juyo. A raina ina addu'ar kada ya mutu, ni da na yi kwanaki ina roƙon ya mutu a gabana. Sai iska ta yi laushi.

"Tsaya nan. Kar ka kashe shi."

Ta buɗe bonet injin yana aiki. Bel yana juyawa, faifan kuloci yana tsaye cik. Ta taɓa wayar da ke shiga kwamfireso da fitilar, ta kama. Wato wuta tana isowa, duk abubuwan da na yi ta zarga a ƙasa huɗu ba su da laifi. Ta waiwaya, ta hango wata mai tuwo a bakin titi, ta yi mata magana da wani yare, ta dawo da muciya. Ta tattare hannun riga, ta ce mu ja baya, ta ɗan ƙwanƙwasa fuskar faifan da gindin muciyar.

Ƙwas.

Jama'a, na san wannan. Na sani tun kafin ta fara sana'a. Faifai in ya ci shekaru yana cinyewa, tazarar da ke tsakaninsa da maganaɗisu ta ƙaru. Da sanyin safiya maganaɗisun yana da ƙarfin jawo shi, in ya yi zafi sai ƙarfinsa ya ragu, ya kasa. Na gyara wa mutane irin wannan ban san iyaka ba. Amma kulocin motar Yaya ni na ɗaura shi da hannuna shekara shida da suka wuce, na ce masa sai dai jikokinsa su canza. Shi ya sa idona ya zaga ko'ina ya ƙi zuwa wurin.

"Wa ya daura wannan kuloci?" in ji ta.

Na ce, "Wani ne a Kano."

"Ya daura da kyau. Shekaru ne kawai ya ci shi."

Da ta zagi aikin, da na sami abin riƙewa. Wannan adalcin nata ya fi komai ƙona mini rai.

Muka koma rumfa injin ya huce. An kira azahar, ta riga ta wanke hannu, sai ta miƙo mini sifana ta ce, "Masta, kai ka san hanya." Na kwance ƙusar tsakiya, na zare faifan, na ciro wata 'yar washa siririya kamar farce don tazarar ta ragu, na mayar na ɗaure. Da ta idar da salla ta zura ma'auni ta duba tazarar, ta ce ya yi. Ta yage gefen kwali ta rubuta lambarta, ta naɗe washar a ciki ta ba ni. Ashe ita ma tana cikin masu zuwa gidan bikin, don haka ta shiga bayan rumfa ta sauya zuwa atamfar da matan suka yi iri ɗaya, wadda mu muke cewa anko su kuma yayi. Muka sake shiga cunkoson nan fiye da awa guda, sanyi bai ko girgiza ba.

Muna isa bakin lungu muka tarar Yaya ya dawo, yana tsaye da dattawa. Ya zura hannu ta taga ya kara a wurin iska, ya daɗe bai janye ba.

"Kawu, wa ya gyara?"

Kawu ya turo leɓe wajen da muke tsaye. "Shi ya gyara. Ko minti goma bai yi ba."

Mu biyu ne a wurin. Ita cikin atamfa da jaka, hannunta fes, kamar kowace 'yar biki. Ni kuma baƙin mai har gwiwar hannu. Yaya ya dube ni, fuskarsa ta saki yadda ban taɓa gani ba.

"Sabi'u, ashe dai ka iya. Na san ba za ka bari wani ya taɓa ta ba."

A gaban mutane ya faɗa. Abin da na jira tun ina ɗaukar masa jakar makaranta. Na dubi Azara. Tana hulɗa da direbobin Najeriya, ta san Hausarmu, ta kuma gane abin da ya faru sarai. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ya iya paa," ta shige wurin mata. Ni kuwa na karɓe yabon, na kashe mota na zare makulli.

An yi biki, an kafa rumfuna a titi, an ci an sha, maroƙa sun yi ta yi da lasifika. Kada ku tambaye ni ɗanɗanon abincin. Duk inda na hango atamfar nan sai in sauya hanya, kuma mata sun fi ɗari da ita. Na ɗauka in na sami yabon kishin zai kwanta, sai ya ƙaru. Yanzu ba hannunta kawai nake kishi ba, har da yadda ta bar mini abin ta wuce, ko a jikinta.

A hanyar dawowa Yaya ya sa rigar sanyin da gaske. A Aflao ya ba wani labari, a Ibadan ya ba mai albasa, har da ƙarin gishiri, wai fitan Ankara yana tsaye yana kallo ƙaninsa ya nuna masa aiki. Kowace maimaitawa sai in ji kamar na haɗiyi tsakuwa. Da muka haye gadar Lakwaja, daidai inda abin ya fara, na kasa.

"Yaya, ba ni na gano ciwon ba. Masta Kankara ce. Matar nan da ke tsaye kusa da ni. Ni ƙusa kawai na kwance. Kuma kulocin da na ɗaura ne ya cinye."

Sai da muka wuce wata tirela ya ce, "Wato shi ɗin Kawu irin na matana ya dafa abinci ne?"

"Irinsa ne."

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye. Na bar shi ya gama. Ya goge ido da hannun rigar sanyin.

"Ka karɓi lambarta?"

Na zaro guntun kwalin, washar na ciki, na miƙa masa. Ya dube shi, bai karɓa ba.

"Sa a wayarka, ba tawa ba. In ta sake yi, ni kai zan kira. Kai ka san wanda za ka kira."

Ya tayar da mota. Har muka shiga Kano bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake ba kowa labarin ba. A ƙofar gidansa ya ce akwai wata 'yar ƙara da yake ji a fanka, in duba masa gobe, ya miƙo makulli. Na ce to.

Sau ɗaya Yaya Ilu ya taɓa ce mini na iya, kuma ba tawa ba ce, na mayar wa mai ita. Har yau in na tuna matar nan da muciyarta sai kishin nan ya motsa. Makullin dai yana aljihuna.